Farfelar da Aka Kwance a Kabuga

Ƙafar Yaya Bashari ta fara wari ne a ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas da Birsalam. Ina kwance masa tsumman da muka ɗaure na ji, sai na kau da kai kamar ina neman wani abu a ƙasa. Ya ce, "Nasiru, bar wannan kame-kamen, ni ma hancina lafiyarsa ƙalau."

Birsalam ƙauyen kasuwa ne a ƙasar Chadi, can ciki, inda titi ya daɗe da ƙarewa aka bar mutane da bin sawun taya. Neman na kanmu ne ya kai mu, ni da yayana, daga Madabo a cikin birnin Kano. Muna ɗaukar wa 'yan kasuwa kaya daga wannan kasuwar mako zuwa waccan, sukari da gishiri da kwanon rufi, wani lokaci har da awaki a sama. Kwanon rufin ne ya yanke shi a ƙwauri muna sauke kaya. Muka yi irin ta direbobi, muka tsiyaya man birki a ciwon, muka ɗaure, muka ci gaba da sha'aninmu. Bakin ciwon ya kame, ashe ta ciki yake ci. Kafin mu farga ƙafar ta kumbura, fatar ta yi baƙi, baƙin kuma kullum ƙara hawa yake.

Mai sayar da magani a kasuwar ya duba, ya rufe da sauri. Shi da Yaya suka yi magana da Larabcin ƙasar, wanda ni ban taɓa mai da hankali na koya ba, tunda Yaya yana nan. Da ya tafi na ce me ya ce. Yaya ya ce, "Cewa ya yi mu kama hanyar Mongo yau, can ne asibiti. In baƙin nan ya wuce gwiwa, sai dai a yi min addu'a. Kuma in ruwan can ya sauka, ƙoramar da ke hanya za ta kawo, ba mai ƙetare ta sai kaka."

Haka ya faɗa, kamar yana gaya min kuɗin buhun gishiri.

Motarmu tsohuwar jif ce ta Kawu Sule, ƙanin Ummanmu, mai shan dizal, wanda mu muke ce wa gas. Ta girme ni. Gwaggo muke kiranta, don ba ta sauri kuma ba ta son a yi mata tsawa. A Kano a wani gareji take kwana a Ƙofar Kabuga, saboda lungunmu na Madabo ko adaidaita sahu sai ta goga jiki da katanga kafin ta wuce. Ƙirarta kamar akwatin ƙarfe, ba lanƙwasa ba ado. Gilas da hannu ake murɗa shi. Sifirin ɗinta irin mai ganye ne na manyan motoci, in ba kaya a bayanta sai ta zazzage maka tuwon da ka ci. Ba ta da kwamfuta, ba ta da fulogi, ko batir ya mutu a tura ta za ta tashi. Hancin da take shaƙar iska da shi bututu ne da ya hau ta gefen gilashin gaba har rufi. Kusa da babbar giya kuma akwai ƙaramin liba, wanda direbobi ke kira ogzilari, shi ke sa tayoyin gaba su ja tare da na baya. Da rani muka shigo ƙasar, ƙasa ta bushe kamar daɓe, ba mu taɓa bukatar taɓa shi ba. Amma da shi muke yi wa mutane alfahari a kasuwa.

Na shimfiɗa wa Yaya katifa a baya, na tokare ƙafar da buhun kayanmu, muka fita da hantsi.

Gas ɗinmu ba zai kai mu ba, don haka na tsaya a wani ƙauye mai 'yan rumfuna a bakin hanya, inda na ga jarkoki a jere. Ina ta fama da nuni da hannu, sai na ji mai rumfar ya ce, "Malam, yi Hausarka kawai." Ya ce sunansa Ɗan'asabe, mutumin Dala ne, gidansu yana gindin dutse. Ya tambaye ni ko har yanzu mata na yin gurasa a Jakara, ko an gyara kwatar da ke bi ta bayan masallacin unguwarmu. Ya san lungunan, ba ƙarya yake ba. Ya leƙa ya ga Yaya, ya yi salati, ya kawo masa ruwan randa mai sanyi. Da na nufi jarkokin da ke gaba sai ya riƙe ni.

"Haba, wannan ai na baƙi ne. Na 'yan gida yana ciki."

Ya shiga bayan rumfa ya fito da wasu jarkoki, ya juye min da hannunsa. Na yi ta godiya har ina jin kunyar rashin abin da zan ƙara masa.

Ba mu yi wata tafiyar kirki ba Gwaggo ta fara tari. Ta yi farin hayaƙi, ta yi jijjiga, ta mutu a tsakiyar fili, babu ko inuwa. Na buɗe bonet. A ƙarƙashin filtar gas ɗinta akwai wani ɗan kofi da ke tare ruwa. Na kwance shi, sai ga ruwa garau yana zuba a tafin hannuna. Na ɗanɗana don kada na ɗauki alhakin mutum. Ruwa ne, irin na randar da ya ba Yaya.

Ba zan faɗi abin da na kira Ɗan'asabe a wurin nan ba, iyayensa ba su yi min komai ba. Yaya ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa, "Zagin ba zai tayar da ita ba. Shiga ƙarƙashi ka sassauta notin tanki, ruwa a ƙasa yake kwanciya." Na shiga, na sassauta, ruwa ya yi ta zuba har kalarsa ta juya ta koma gas, na ɗaure. Na dawo kan filta na yi ta danna ɗan famfon hannun da ke samanta har ya yi tauri. Na murɗa makulli. Ta yi gurnani, ta yi kamar ba za ta ba, sannan ta kama. Irin motocin yanzu da sun sha wannan ruwan, a nan za a bar su. Ita kuwa tsayawa kawai ta riƙa yi lokaci-lokaci, ina zubar mata da ruwan kofin, mu ƙara gaba. Sai dai rana ta riga ta karkata, kuma hadarin da na baro a bayana ya biyo mu, ya yi baƙi ƙirin.

Da la'asar muka iso ƙoramar. Na sha ƙetare ta da rani, yashi ne shimfiɗe mai faɗi, ka taka totur ka wuce. Yau ma a ido haka take. Abin da ban sani ba, ruwan da aka yi a can sama ya riga ya jiƙa ta ta ƙarƙashi. Na shiga da gudu, muna kaiwa tsakiya na ji bayan motar ya zauna.

Ban tsorata ba tukuna. Na ce yau ranar Gwaggo ce. Na sauka na rage iskar tayoyi. A tsakiyar kowace tayar gaba akwai ɗan murfi da ake murɗawa da hannu don ta kulle da aksil, wato ƙarfen da ke juya tayoyin, na murɗa duka biyun. Na koma na ja ƙaramin liba har ƙarshe, na saki kuloci a hankali. Tayoyin baya suka yi ta haƙa, suna watsa yashi. Na leƙa ta taga na dubi ta gaba. Tana tsaye abinta, kamar ba da ita ake ba.

Na sake murɗa murfin, na sake jan liba. Shiru. Na kwanta a yashi na cusa kai ƙarƙashin motar. Daga akwatin giya ya kamata a ce wani dogon ƙarfe, farfela, ya tafi ya haɗe da aksil ɗin gaba, shi ke kai masa ƙarfi. Na ga ta baya tana nan. Wurin ta gaba kuwa wayam, sai ramukan noti da suka yi tsatsa, har zanzaro ya yi gini a ciki.

Na fito na buɗe ƙofar baya. "Yaya, ina farfelar gaba?"

Ya dube ni, idonsa ya yi ja saboda zazzaɓi. Can ya rufe fuska da hannu. "Malam Idi," ya ce. Bakaniken Kawu ke nan na Kabuga. "Ai duk jif ɗin da ke yawo a cikin gari kwance mata suke yi. Wai shan gas take ƙarawa a banza. Ko kaɗan abin bai zo min a rai ba."

Na san wannan al'adar, kowa a gareji ya san ta. Mota ta zo da abinta, sai a ce nauyi ne, a kwance a jingine. Alhali waɗannan murafen na tayoyin gaba don haka aka yi su, in ka buɗe su farfelar ko motsi ba ta yi, balle ta sha maka gas. Amma wa zai gaya wa Malam Idi? Na tabbata a lokacin nan farfelarmu tana can tana tokare da wata rumfa a Kabuga, ana shan shayi a ƙarƙashinta, mu kuma ga mu a tsakiyar ƙorama. Na ɗaga tsumman ƙafar Yaya na duba. Baƙin saura kaɗan ya taɓa gwiwa. Na fara haƙa yashi da hannu ba tare da na san amfanin haƙar ba.

Ina cikin haka na ji sallama. Wani dogon mutum ne baƙi siriri, da rawani da jallabiyar da laka ta ɓata, ya tako daga ɗaya gaɓar. Na ɗaga kai na hangi mota a can bakin gangare, irin tamu sak, sai dai tasa fara ce. Ya dafa ƙirji ya ce, "Mahamat." Na ce, "Nasiru." Iyakar hirar da muka iya ke nan. Na juya wajen Yaya don ya yi mana tafinta, na tarar ya fara sambatu.

Mahamat ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin Gwaggo, ya yi tsaki. Ya zagaya ya dubi Yaya, ya ɗaga tsumman, bai kau da kai ba kamar yadda na yi. Ya mayar a hankali, ya yafito ni, muka tafi wajen motarsa.

A nan na ga halin da shi ma yake ciki. Ƙarfen aksil ɗinsa na baya ya karye a hanya. Ya zare shi, ya kwance farfelar baya ya ɗaure a rufi, ya taho da tayoyin gaba kaɗai suna jansa. Irin motocin nan suna iya haka. Har ya rage iskar tayoyinsa, shirin ƙetarewa yake ya hango mu. Motar cike take da buhunan gari da sukari da ƙunshin atamfofi. Ya nuna hanyar da muka fito ya ce, "Iyal." Wannan ban nemi tafinta ba, iyalinsa suna can, abincin daminarsu ne a motar.

Ya tsaya yana kallon hadarin. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, mai ƙanshin ƙasa. Ni dai ban roƙe shi ba, ba ni da bakin roƙon, kuma na san abin da nake so a wurinsa, farfelar gaba, shi ne kaɗai abin da ke tafiyar da motarsa. Ta bayan da ke rufi ta yi tsawo, ba za ta hau gaban Gwaggo ba. Sannan ya buɗe ƙofa, ya ɗauko sifana, ya kwanta a ƙarƙashin motarsa ya fara kwance ta.

Muka ɗauko farfelar a kafaɗa muna gudu a yashi. Muka haƙa rami a ƙarƙashin Gwaggo daidai kwanciyar mutum, na kankare ginin zanzaron da wuƙa, shi yana riƙe ni ina ɗaurewa. Ramukan noti suka hau daidai, kamar tare aka ƙera su. An fara yayyafi. Ina ɗaure na ƙarshe na ji sanyi a ƙeyata, na juya na ga ruwa ya iso, siririn harshe ja mai kumfa da karmami, yana tafe a hankali kamar an ɓarar da tulu. Mahamat ya buga jikin motar da tafin hannu.

Na shiga na ja liba. Ban ma taka totur sosai ba. Gwaggo ta yi wata ƙara mai kauri daga ciki, ta girgiza, na ji gabanta ya kama ƙasa. Ba ta yi tsalle ba, ba ta watsa yashi ba, tashi kawai ta yi daga ramin kamar saniya ta miƙe daga kwance, ta taka a hankali har ta hau gaɓa.

Na diro da sifana zan kwance masa kayansa. Ruwan bai wuce idon sawu ba, in muka yi sauri zai iya wucewa. Sai ya riƙe min hannu. Ya nuna hanyar Mongo, ya nuna jikin motarsa da baƙar laka ta shafe har taga. Na gane. An riga an yi ruwa a gaba, in na ba shi farfelarsa ba zan yi nisa ba. Na ɗauko igiya na nuna masa zan ja shi mu ƙetare in dawo. Ya dubi ruwan da ke ƙaruwa, ya dubi inda Yaya yake kwance, ya girgiza kai. Na zaro wayata na miƙa masa a matsayin jingina. Ya mayar min da ita aljihu, ya tura ni cikin mota, ya rufe ƙofar da kansa. A madubi na ga ya juya yana kallon ƙoramar, hannuwansa a baya.

Lakar nan ban taɓa ganin irinta ba. Baƙa ce mai danƙo, ka juya sitiyari dama motar ta tafi hagu. Ruwa kuma ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ban ga hanya ba sai sawun da Mahamat ya bari, shi nake bi. Na bar ta a ƙaramar giya, tafiyar da mai ƙafa zai iya wuce mu, amma ba ta tsaya ba. A wani kwari ruwa ya taru, ba ta inda zan kauce, na yi bisimilla na shiga. Ya hau bonet, ya shigo ta ƙasan ƙofa har ya rufe min ƙafa. Injin bai ko yi tari ba, hancinta yana sama.

Yaya yana ta magana da Umma. Yana cewa a buɗe ƙofar soro ya dawo, a dama masa kunun tsamiya, wa ya bar akuya a tsakar gida. Ina amsa masa a madadinta, ina cewa to, ga shi nan zuwa. Can sai ya yi shiru. Na kira shi bai amsa ba. Ba halin in tsaya, in na tsaya a lakar nan mun kwana, ba halin in waiwaya. Na kira shi da Yaya, na kira shi da Bashari gatsau, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na ce masa ragon banza, ka kawo ni ƙasar mutane za ka gudu ka bar ni, me zan ce wa Umma? Ina tuƙi ina masifa ina kuka. Sai da na gaji na yi shiru, sannan na ji ya ce, can ƙasa, "Rashin kunya ko?" Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Ana kiran magariba tayoyinmu suka taɓa kwalta.

A asibiti suka karɓe shi da sauri. Likitan ya duba ya yi magana da Faransanci, wata ma'aikaciya mai jin Hausa ta fassara min. Na ji abin da ta ce. Ta ce ka yarda? Na ce to. Suka tura shi ciki suka rufe ƙofa.

Abin da aka yi a ɗakin nan na kasa furta shi. Umma ta yi ta kira daga Madabo, ina jin hayaniyar gidanmu a bayanta, ana daka, yara na rigima, in ce mata, "Da sauƙi, Umma," in yi ƙaryar layi ba kyau. Kawu Sule ma ya kira, tambayarsa ta farko lafiyar motarsa, na kashe wayar don kada na yi abin da zan ji kunya.

Bayan 'yan kwanaki na shiga wajen masu tsofaffin ƙarafa na garin, na samo wa Gwaggo farfela tata ta kanta, na samo wa Mahamat ƙarfen aksil. Na nannaɗe tasa farfelar a buhu na kama hanyar ƙoramar. Ina tafe ina gaya wa kaina ƙila ruwan ya janye, ƙila wani ya zo ya taimake shi.

Tun daga nesa na ji rurinta. Ta cika daga gaɓa zuwa gaɓa, ja wur, tana tafe da itatuwa da saiwoyinsu. Motarsa tana nan inda na bar ta. Ya ɗaura tamfol daga rufinta zuwa wata bishiya, ya mayar da buhunan sama don kada su jiƙe. Yana zaune a ƙarƙashi, ya ɗora 'yar buta a kan gawayi. Ya rame.

Na sauke farfelar da ƙarfen aksil a gabansa. Ko kallonsu bai yi ba. Ya dube ni, ya daki ƙwaurinsa da hannu, ya ɗaga gira.

Na durƙusa. Na sa gefen tafin hannuna a ƙasan gwiwata, na ja shi daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ne mutum na farko da na gaya wa.

Sannan ya ce, "Hayyun?" Wannan kalmar na san ta tun a makarantar allo. Yana raye?

Na ce, "Hayyun."

Ya dafa ƙirji ya ce alhamdulillahi, ya maimaita. Na nuna masa ƙetaren ruwa, inda iyalinsa suke, ina so in ce masa ya yafe min, ban san ta yadda zan faɗa ba. Ya kalli can ɗin na ɗan lokaci, ya dawo da idonsa kan buta. Kofin gilashi ɗaya gare shi. Ya ɗauraye, ya zuba shayi ya miƙo min. Garin kai shi baki rabi ya zube a ƙasa. Ya karɓa, ya sake cikawa, wannan karon bai saki ba sai da na kai bakina.